Gwajin sanyi ga maza: Darasi daga Denmak zuwa Ikara, Maƙarfi da Kudan

Duk wanda ya taɓa zama a bencin asibiti a Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi, ya san cewa layin masu kukan ciwon sanyi layin mata ne. Su ne ke zuwa da ciwon mara, da fitar ruwa, wasu kuma da shekaru ba haihuwa. A rubuta musu magani su sha, su ji sauƙi, bayan wata biyu ko uku su dawo da kuka iri ɗaya. In ma'aikaciyar lafiya ta ce, "Hajiya, ki gaya wa maigida ya zo mu duba shi," amsar da aka fi ji ita ce, "Malama, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ciwon mata ne." Sau da yawa kuma ba ƙarya yake yi ba, don kuwa ba ya jin komai a jikinsa. Sai dai rashin jin ciwo daban, rashin cuta daban.

Daga cikin cututtukan da muke tarawa mu kira su sanyi akwai wadda likitoci ke kira kilamidiya, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mutum miliyan 129 masu shekara 15 zuwa 49 ne suka kamu da ita, alhali masu sanyi mai fitar da mugunya, wato gonoriya, miliyan 82 ne. Gonoriya tana da hayaniya. Cikin 'yan kwanaki namiji zai ga mugunya, fitsari ya zame masa azaba, dole ya nemi magani. Kilamidiya kuwa a ɓoye take aikinta. Aƙalla rabin mazan da ke ɗauke da ita ba sa ganin wata alama, a mata kuma abin ya kai bakwai cikin goma. Wanda ya ga alama, ba ta wuce ɗan zafi wajen fitsari ko ɗan ruwa-ruwa da asuba ba, bayan mako ɗaya zuwa uku. Alamar ma takan ɓace da kanta, ƙwayar kuma tana nan daram.

Namiji yana iya samun kumburi da ciwo a maraina, wani lokaci har da ciwon gaɓoɓi. Amma babbar ɓarnar a jikin mace take faɗawa. Cikin mata goma da ba a yi wa magani ba, ɗaya ko fiye ƙwayar za ta haura mata har mahaifa da bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo a wurin. Tabon shi ke toshe hanya, ko ya sa ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda in bututun ya fashe rai ne ke kan siraɗi. Jaririn da aka haifa ta wannan hanya yana iya samun ciwon ido a makonninsa biyu na farko, ko ciwon huhu kafin ya cika wata uku. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya nuna cewa a asibitocin Afirka da aka duba, kusan rabin matan da suka zo neman haihuwa bututunsu duka biyu a toshe suke, alhali a ƙasashe masu arziki abin bai wuce kusan ɗaya cikin goma ba. A garuruwanmu irin wannan matar ita ce ake wa gorin haihuwa, a yi mata kishiya, ko a ba ta takarda, ba tare da kowa ya tambayi daga ina toshewar ta samo asali ba.

Abin da aka yi a Aarhus

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙin zuwa asibiti halin mazan Hausa ne kaɗai. A gundumar Aarhus ta ƙasar Denmak, inda asibiti yake kusa kuma ganin likita kyauta ne, likitoci sun sha fama da wannan matsala. Mace za ta zo a same ta da kilamidiya, a ce ta turo abokin zamanta, shi kuma ya yi ƙememe ya ƙi zuwa. A wancan lokaci gwajin namiji shi ne a zura masa siririn tsinke mai auduga cikin hanyar fitsari, zurfin santimita biyu zuwa huɗu, a juya a zaro. Abu ne mai zafi, ga kunya, ga barin aiki a je a yi layi.

Sai wasu likitoci, ciki har da Berit Andersen da Lars Ostergaard, suka yi wata dabara. Suka raba matan da aka samu da cutar gida biyu. Rukunin farko aka ba su takarda su kai wa mazan, mai cewa su je wurin likita a yi musu gwajin tsinke kamar yadda aka saba. Rukuni na biyu aka ba su ambulan mai ɗauke da 'yar kwalba, namiji ya yi fitsari a gida, ya rufe, ya aika ɗakin gwaji ta gidan waya ba tare da ya ga kowa ba. Da aka buga sakamakon a 1998, sai aka ga cewa kashi 28 cikin 100 ne kawai na mazan rukunin farko aka gwada, amma a rukunin kwalba kashi 68 ne. Mazan yankin ɗaya ne, cutar ɗaya ce, babu wanda ya yi musu wa'azi ko barazana. Hanyar gwajin kawai aka sauya, sai masu amsawa suka ninka har da ɗoriya.

Wannan shi ne ginshiƙin darasin. Idan maza sun ƙi gwaji, kafin a zarge su da taurin kai, a duba wace irin ƙofa aka buɗe musu.

Wane gwaji ne ke gano ta

Dabarar Aarhus ba za ta yiwu ba sai da kimiyya ta kai wani mataki. Kilamidiya ƙwayar cuta ce da ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halittar jikin mutum ko dabba. Shi ya sa aka daɗe ba a iya renonta a ɗakin gwaji ba, har sai a 1957 da wani masani ɗan ƙasar Sin, Tang Feifan, ya rene ta a cikin ƙwan kaza. Shi a kan amodari yake bincike, domin ƙwayar da ke kawo amodari a ido 'yar gida ɗaya ce da wannan, sai dai irin na ido ta hannu da tsumma da ƙuda yake yaɗuwa, ba ta saduwa ba. A 1965 aka samu hanyar renonta a kan ƙwayoyin halitta masu rai a cikin kwalba, hanyar da ke da tsada, ga cin lokaci, ga buƙatar ƙwararru.

Wannan bayani yana da amfani ga duk wanda ya taɓa biyan kuɗin gwaji a Zariya ko a garinsu. Gwajin da aka fi yi mana, wanda ake shuka fitsari ko maniyyi a faranti a jira kwana biyu ko uku a ga abin da zai tsiro, ba ya nuna kilamidiya ko kaɗan, domin ba ta tsirowa a faranti. Abin da kan tsiro sau da yawa shi ne ƙwayar Staphylococcus, wadda dama tana zaune a fatar mutane da yawa masu ƙoshin lafiya. Sai mutum ya fito da takarda yana cewa an gano ciwonsa, ya kashe kuɗi a kan allurai, ainihin cutar kuma ba a ko neme ta ba. Wani kuma takardar ta ce ba a ga komai ba, ya kai wa matarsa a matsayin shaidar wanke kai.

Gwajin jini ma ba ya warware zancen. Abin da yake nunawa shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko bara, ko shekara goma da suka wuce, amma ba ya tabbatar da cewa tana cikin hanyar fitsari yau. Akwai kuma 'yan gwaje-gwajen nan take masu kama da na zazzaɓin cizon sauro, masu ba da amsa cikin mintuna. Da yawa daga cikinsu suna kuskure masu cutar da dama, don haka in sun ce babu, ba a sakin jiki.

Duba ruwan gaba a ƙarƙashin madubin likita yana da amfaninsa ga namiji mai alama. Ana iya ganin ƙwayar gonoriya ƙarara, ana kuma iya ganin fararen ƙwayoyin jini da ke nuna akwai kumburi a hanyar fitsari. Kilamidiya dai ba ta ganuwa ta wannan hanya. In an ga kumburi ba a ga gonoriya ba, sai likita ya yi zarginta, amma zargi ne, domin akwai wasu ƙwayoyin da ke kawo irin wannan kumburi.

Gwajin da ya sauya komai ya bazu ne a shekarun 1990. Shi ne wanda ke neman sinadarin gado na ƙwayar cutar, ya riɓanya shi har na'ura ta gan shi, irin wanda jama'a suka san shi da sunan PCR a lokacin korona. Ba ya buƙatar ƙwayar ta kasance da rai, kuma ko kaɗan ce yana gano ta a fiye da tara cikin goma na masu ɗauke da ita. Saboda ƙarfinsa, fitsari kawai ya wadatar ga namiji, ba sai an zura masa tsinke ba.

Sai dai fitsarin yana da ƙa'ida. Ana son mutum ya yi aƙalla awa ɗaya bai yi fitsari ba, sannan ya tari na farkon fitowa, kamar cokali biyu na cin abinci, ba na tsakiya ba. Ruwan sama na farko da ke saukowa ta indararo shi ke ɗauke da ƙurar rufi, haka ma fitsarin farko shi ke wanko ƙwayoyin da ke manne a hanya. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba gaya mana a ɗakin gwaji, cewa a zubar da na farko a tari na tsakiya. Waccan ƙa'ida ta gwajin ciwon mafitsara ce, kuma wanda ya bi ta a nan ya zubar da shaidar da ake nema. Haka nan, wanda ya yi gwaji kafin mako biyu da saduwar da yake zargi, gwajin yana iya cewa babu alhali akwai. Wanda kuma ya riga ya bi ta kemis ya sha kafso ja da yalo na kwana biyu, yana iya dusashe cutar ta ɓuya wa gwaji ba tare da ta mutu ba.

Suwidin da Ingila

Ƙasar Suwidin ta ƙara wani abu a kan gwaji. Tun 1988 ta sa kilamidiya cikin dokarta ta cututtuka masu yaɗuwa. Gwaji da magani kyauta ne, kuma wajibi ne a bi sawun waɗanda mai cutar ya sadu da su. Ma'aikacin lafiya ne ke aika wa mutum saƙo cewa ya zo a gwada shi, ba a kuma gaya masa wanda ya ambaci sunansa. Wato an ɗauke nauyin isar da saƙo daga kan mara lafiya, an ɗora wa hukuma.

A ƙasar ce kuma aka koyi cewa ko gwaji mafi kyau yana buƙatar ido. A 2006, a yankin Halland, masana suka lura cewa adadin masu cutar ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da wani dalili ba. Maimakon su yi murna, sai suka bincika. Ashe wani sabon nau'in ƙwayar ne ya ɓulla, wanda ya rasa daidai guntun sinadarin gado da wasu gwaje-gwajen ke nema, saboda haka dubban masu cutar aka sallame su a kan ba su da komai. Aka gyara gwajin ya riƙa neman wuri biyu maimakon ɗaya. Abin da ya tona asirin shi ne rubuta alƙaluma da duba su a kai a kai.

Ingila kuwa ta bi hanyar gwada kowa. A 2003 ta ƙaddamar da shirin tayin gwaji ga duk matasa 'yan ƙasa da shekara 25, maza da mata, ko da ba su da alama. Bayan shekaru da kashe kuɗi masu yawa, a 2021 ta sauya alƙibla. Ta mayar da tayin gwajin ga 'yan mata, tunda su cutar ta fi illatawa, ta kuma ƙarfafa saurin ba da magani, da neman abokan zaman waɗanda aka samu da cutar, da sake gwaji bayan warkewa. Maza masu alama da waɗanda aka samu abokan zamansu da cutar ana ci gaba da gwada su. Darasin da ke nan ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ba sai an gwada duk mazan gari ba. Namijin da ya fi cancantar gwaji shi ne wanda aka riga aka samu matarsa da cutar.

Abin da za mu iya ɗauka

A yawancin asibitocinmu, namijin da ya zo da fitar ruwa ana ba shi maganin gonoriya da na kilamidiya a haɗe ba tare da jiran gwaji ba. Wannan ba ganganci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a ƙa'idojinta na 2021, ta ce in akwai gwajin sinadarin gado mai ba da amsa a ranar a yi amfani da shi, in babu a yi magani bisa alama. Gurbin da wannan tsari ya bari shi ne mutumin da ba shi da alama, wanda ba zai taɓa zuwa ba, kuma shi ne ke mayar wa iyalinsa cutar.

Gidan waya ba ya kai ambulan Gubuci ko Likoro ko Paki, amma babur yana kaiwa. Kuma ba daga tushe za a fara ba. Shirin yaƙi da tarin fuka ya shigo da na'urorin GeneXpert Najeriya tun 2011, ga kuma cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta a Saye, nan kusa da Zariya, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. An saba da tsarin da masu babura ke ɗaukar majina daga ƙananan asibitoci zuwa inda na'ura take. Ita wannan na'ura, in aka sa mata nata harsashin gwajin, tana gano kilamidiya da gonoriya daga fitsari cikin kusan minti 90. Fitsarin da aka zuba a kwalba mai ruwan adanawa yana yin kwanaki bai lalace ba in zafi bai wuce digiri 30 ba, a bazara kuwa sai a sa shi a akwatin sanyi irin na allurar rigakafi. Ga kuma kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya da na ɗakin gwaji, 'ya'yan yankin da suka san harshe da al'adar mutanensu.

Tsada ita ce babban cikas, domin kuɗin gwajin ya ninka na maganin sau da yawa. Saboda haka a fara da waɗanda suka fi buƙata: mijin matar da sanyi ke ta dawo mata, da ma'auratan da suka shekara ba haihuwa, da namijin da ya sha magani alama ba ta tafi ba. Inda gwaji bai samu ba, kada rashinsa ya zama dalilin barin miji. A jihar Kalifoniya ta Amurka tun 2001 doka ta yarda likita ya ba mara lafiya maganin da zai kai wa abokin zamansa, daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta amince da tsarin a 2006. Maganin ba mai wuya ba ne: doxycycline miligiram 100 safe da yamma har kwana bakwai, ko azithromycin giram ɗaya a sha sau ɗaya, wanda shi ake ba mai juna biyu. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, ba mai lasifika a kasuwa ba. A ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai har kowa ya gama nasa, a kuma sake gwaji bayan wata uku.

Akwai abin da Denmak ba ta da shi wanda dole mu lissafa, wato gida mai mata biyu, uku ko huɗu. In an yi wa amarya magani an bar uwargida da maigida, kafin kwana ya zagayo aikin ya koma baya. Magani na gida ne gaba ɗaya, kuma a mako ɗaya. Akwai kuma haɗarin da ke kan mace in ita ce za ta kai saƙon, domin wani mijin zai juya zancen ya zama tuhuma. A nan ne tsarin Suwidin ya dace da mu. Takarda ta fito daga asibiti, ma'aikaci namiji ya kira maigida gefe ya ce, "Alhaji, iyali na shan magani, ƙa'ida ce kai ma mu duba ka, fitsari kawai za ka ba mu." A ware wa maza lokaci bayan La'asar ko Magariba, sa'ad da manomin rake da na tumatir suka taso daga fadama, ba da hantsi a tsakiyar mata masu awon ciki ba.

Ya kamata kuma a faɗi wata gaskiya da za ta tsare aure. Samun kilamidiya a gida ba hujjar cin amana ba ce. Tana iya zama a jiki watanni, har fiye da shekara, ba tare da alama ba. Bazawara tana iya shigowa da ita daga gidan tsohon miji ba ta sani ba, namiji yana iya ɗaukowa daga auren da ya mutu, kuma gwaji ba ya faɗin wanda ya fara kawo ta ko yaushe. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa a masai ake ɗaukarta. Wannan zance ya rufa wa mutane da yawa asiri, amma shi ne kuma ya sa ake ta yi wa mata magani ana barin maza. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Jama'armu sun riga sun karɓi gwaji kafin aure. Waliyyai da limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar asibiti, Jihar Kano ma ta mayar da shi doka a watan Mayun 2024, inda ake duba ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Wanda ya yarda aka ɗebi jininsa saboda aure, ba fitsari cokali biyu ne zai gagare shi ba.

Kira na ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Kaduna shi ne su gwada wannan tsari ko a mazaɓa ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, su rubuta maza nawa aka kira, nawa suka amsa. Hakimai da limamai su taya da bayani a majalisa da masallaci. Kai kuma maigida, in an rubuta wa iyalinka maganin sanyi karo na biyu, kada ka tsaya a biyan kuɗin magani. Ka je da kanka, ka tambayi gwajin kilamidiya da sunansa, ka ba da fitsarin farko, in kuma babu gwajin a kusa, ka karɓi naka maganin ku sha tare. Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a mai albarka.